Abin da kibiyar ƙasa ta jawo mana a dandalin masu kiwon kaji

Ni da abokaina biyu muke kula da wani ƙaramin dandali a intanet na masu kiwon kaji, wanda muka buɗe bayan mun gaji da yadda amsoshi masu amfani suke nutsewa a rukunin WhatsApp, inda mutum zai tambayi abin da aka amsa jiya domin ba shi da hanyar lalubo shi. Yawancin mambobinmu masu ƙaramin jari ne da ke kiwo a bayan gida, sai dillalan 'yan tsaki da na abincin kaji, da likitocin dabbobi 'yan kaɗan. Da farko kibiya ɗaya ce a gefen kowace magana, mai kallon sama, wadda mutum zai danna idan maganar ta yi masa.

Wata tambaya kan Lasota, rigakafin cutar Newcastle da ke kashe kaji, ce ta sa na ƙara ta biyu, mai kallon ƙasa, wadda mutum zai danna idan maganar ba ta yi masa ba. Wani sabon shiga ya tambayi yadda ake ba kaji maganin a ruwan sha, sai wani mamba da jama'a ke ƙauna, mai iya tsara magana, ya ce a zuba shi a ruwan famfo da safe a bar wa kajin su yini suna sha. Kafin la'asar amsarsa ta hau saman shafi. Da daddare wata matashiyar likitar dabbobi ta rubuta cewa ƙwayar da ke cikin rigakafin mai rai ce, sinadarin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe ta, don haka a nemi ruwan da babu shi, a janye wa kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu domin su ji ƙishirwa, sannan a tabbatar sun shanye cikin awa biyu. Amsarta ce daidai, amma ta zo a makare, ta zauna can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba. Bayan 'yan makonni mai tambayar ya dawo da hoton kajinsa a zube, wuyansu a murɗe. Ba zan rantse cewa ruwan famfon ne sanadi ba, amma a daren na zauna na saka kibiyar ƙasa ba tare da na shawarci kowa ba.

Hujjata a lokacin ita ce manya ma haka suke yi. Reddit, babban dandalin tattaunawa a intanet, yana da kibiya biyu tun kafuwarsa a 2005, Stack Overflow na masu rubuta manhaja ma haka tun 2008. Tsarin Reddit na kwaikwaya saboda sauƙinsa: dannawa ɗaya, ba a ganin sunan wanda ya danna, kuma maganar da makinta, wato dannawa sama a cire dannawa ƙasa, ya faɗi ƙasa da sifili da biyar sai ta naɗe kanta, mai son karantawa ya buɗe da hannunsa.

Watan farko har yabon kaina na yi. Masu tallan maganin da wai yake sa kaza ta yi ƙwai biyu a rana suka nutse, amsoshin kuskure suka riƙa gangarawa tun kafin mu masu kula mu gan su.

Rikicin ya soma ne daga muhawarar da ba ta da alƙali, wato ko ya fi riba mutum ya haɗa abincin kajinsa da kansa da masara da dusa da waken suya, ko ya sayi na kamfani. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin amsar ta danganta da farashin masara a garinku da yawan kajin da kake da su. Amma kibiya ba ta san haka ba. Cikin mako biyu dandalin ya rabu gida biyu, kowane gida yana bin maganganun ɗaya yana dannawa ƙasa. Da na buɗe bayanan da mu kaɗai muke gani, sai na tarar da asusu shida ko bakwai da ba su da aiki sai bin wani dillalin 'yan tsaki duk inda ya yi magana, kuma biyu daga ciki na abokin hamayyarsa ne a kasuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saƙon ta'aziyya da dillalin ya rubuta wa wani mamba da mahaifiyarsa ta rasu, jimla biyu kacal da addu'a, da makin da ya nuna an danna masa ƙasa sau huɗu. Reddit ma yana da ƙa'idar da ke roƙon mutane kada su danna ƙasa don kawai ba su yarda da ra'ayi ba, kuma duk wanda ya zauna a can ya san yadda ake bin ta.

Akwai wani dattijo a cikinmu wanda ya fara kiwon kaji tun ba a haife ni ba. Ba ya yawan rubutu, idan kuma ya rubuta da kyar yake haɗa layi uku, amma layi ukun sun fi shafin wani. Da zafin bazara ya kama, ya ba da shawarar a daina ba kaji abinci da tsakar rana, a mayar da shi sassafe da yamma, a kuma rage cunkoso a ɗaki. Shawara ce da kowane likita zai sa mata hannu, sai dai ya taɓa goyon bayan masu haɗa abinci da kansu, don haka maganarsa ta naɗe kafin magariba. Washegari ya kira ni a waya, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, a kasuwa idan mutum bai yarda da maganata ba yakan tsaya a gabana ya faɗa, in ga fuskarsa, in ji dalilinsa, wata rana ma in ƙaru. Wannan da ka kawo, jifa ce daga bayan katanga." Na ce, "Baba Alhaji, ku yi haƙuri, za a gyara." Ya ce babu komai, irin babu koman da ka san akwai.

Daga baya na karanta wani bincike na 2014 da Justin Cheng da Cristian Danescu-Niculescu-Mizil da Jure Leskovec suka yi kan miliyoyin tsokaci a shafuka huɗu, ciki har da na CNN. Sun gano cewa wanda aka danna wa ƙasa ba ya gyaruwa: yakan ƙara yawan rubutu, ingancin rubutun ya ragu, kuma shi ma ya koma danna wa wasu ƙasa. Wannan na gan shi da idona a wurin matasanmu masu zafin kai. Abin da na gani ƙari a namu dandalin, inda kusan kowa ya san kowa kuma ana haɗuwa a wurin sayen dusa, shi ne masu kunya da masu girma shiru suke yi. Mata da sababbin shiga suka koma turo mini tambaya a asirce, suna roƙon in saka ba tare da sunansu ba.

Sai da na koma na duba da kyau na gane cewa rabin abin na kwafo. A Stack Overflow, kamar yadda na same shi a lokacin, sai mutum ya tara maki 125 kafin a ba shi damar danna ƙasa, kuma duk amsar da ya danna wa ƙasa shi ma ana cire masa maki 1, ana cire wa mai amsar 2, alhali kibiyar sama 10 take bayarwa. Gajerun tsokacin da ake yi a ƙarƙashin amsa kuwa ba su da kibiyar ƙasa sam. A Hacker News, dandalin labaran fasaha, sai makin mutum ya haura 500, kuma ba zai iya danna wa wanda ya mayar masa da martani kai tsaye ba. Slashdot, wani tsohon dandalin labaran fasaha, tun da daɗewa yake sa mai hukunci ya zaɓi dalili, ko maganar ta kauce daga batu, ko maimaici ce, ko neman faɗa. YouTube ya ɓoye adadin masu nuna ƙi daga idon jama'a a Nuwamban 2021, yana mai kafa hujja da taron dangi da ake yi wa ƙananan masu tashoshi. Duk sun sa wa kibiyar linzami, ni kuwa na sake ta haka nan a tsakiyar mutanen da ke gasa kan kwastomomi ɗaya.

Mu ukun mun yi ja-in-ja sosai. Ɗaya daga cikin abokaina ya ce a cire ta ɗungurungum, ya kawo misalin Facebook da ya ƙi saka maɓallin ƙi, ya fito da fuskokin dariya da baƙin ciki da fushi a 2016. Ban yarda ba, domin hoton kajin nan bai bar idona ba, kuma kuskure a kan rigakafi ba ra'ayi ba ne da za a ce kowa ya riƙe nasa. A ƙarshe muka cire ta daga sashen hira da farashi da muhawara, muka bar ta a sashen cuta da magani kawai. A can ma sai wanda ya yi wata shida a dandalin, kuma dole ya rubuta aƙalla jimla ɗaya yana bayyana inda kuskuren yake, mu masu kula muna ganin sunansa. Ba a nuna adadi, amsa ba ta naɗewa da kanta. Idan mutum uku suka yi ƙorafi a kan amsa ɗaya, sai ta tafi wurin ɗaya daga cikin likitocinmu, shi ko ita ya rubuta gyara a samanta.

Dannawa ƙasa ta ragu ƙwarai, domin ashe yawancin masu dannawar ba su da jimlar da za su rubuta. Aikin kuwa ya dawo kanmu, kuma wani lokaci amsar kuskure takan kwana biyu a sama kafin likita ya samu sukunin dubawa, abin da har yanzu yake damuna idan batun rigakafi ne. Baba Alhaji na je har gonarsa na nuna masa sabon tsarin a wayata, ya duba, ya sa albarka, ya haɗa ni da kiret ɗin ƙwai. Ina ganin sunansa a cikin masu shiga kusan kullum bayan sallar asuba, amma tun daga bazarar nan bai sake rubuta komai ba.