Gyaɗar da nake binnewa a bayan shago

Shekara tara ke nan ina da ƙaramar masana'antar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a garin Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne tsintar gyaɗa, wanda mata shida ke yi a kan tabarma tun da hantsi. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko aka ga fumfuna kore-kore a tsakiyarta, sai a jefa ta cikin wani kwano dabam.

A farkon sana'ar nan, matan sukan tafi gida da abin da ke kwanon domin su yi wa yara miya ko su zuba wa kaji, ni kuwa ina ganin alheri nake yi musu. Daga baya wani likitan dabbobi da ke sayen tunkuza a wurina ya bayyana mini cewa fumfunar nan, Aspergillus flavus, tana fitar da guba mai suna afilatoksin. Ita ce ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, ta kuma hallaka mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara.

An fi sanin ɓarnar da take yi wa hanta, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda take raunana garkuwar da aka haifi mutum da ita, wato wadda ke tarar kowace cuta tun kafin jiki ya gane ta. Bangon hanji shi ne shingen farko, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa gubar tana sassauta shi har ƙwayoyin cuta su sami kafar shiga. Akwai kuma fararen ƙwayoyin jini da ake kira makurofaj, waɗanda aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta ne. Gubar tana rage musu ƙarfin yin hakan. Yaron da ke cin ta kaɗan-kaɗan ba zai faɗi rana ɗaya ba, sai dai jikinsa ya riƙa gaza tare abin da ya kamata ya tare.

Ranar da na hana ɗaukar kwanon, dattijuwar cikinsu ta ce, “Hajiya, ai wuta tana kashe komai.” Na ce, “Inna, wannan gubar ta fi ƙarfin kaskon suyarmu.” Domin kada hanin ya zama asara gare su, na ƙara wa kowacce tasa guda ta gyaɗa mai kyau a mako.

Yanzu idan na je sayen gyaɗa a kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, sai na zura hannu har ƙasan buhu, kuma ba na sayen gyaɗar da ba ta yin ƙara idan an girgiza ta, domin alama ce ba ta bushe ba. A rumbu muna ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, musamman a watan Agusta da laima ke yawa. Abin da ke kwano kuwa, ni da kaina nake binne shi kowace yamma.