Yadda na nemo wa mahaifiyata masu taimako bayan shanyewar ɓarin jiki

Makonnin farko na ɓata su da tambaya mara kai. Duk ofishin da na shiga sai in ce, "Akwai wani taimako da ake yi wa tsofaffi a nan?" A tausaya mini, a nuna mini wata ƙofar. Sai ranar da jami'ar jin daɗin jama'a ta asibiti ta zaunar da ni ta ce, "Malam, faɗa mini abin da Mama ba ta iya yi da kanta." Na yi shiru, domin ban taɓa lissafawa ba. Kowane ofishi yana da buƙatar da aka kafa shi dominta, kuma sai ka kira ta da sunanta kafin ya san kai nasa ne.

Ta sa na rubuta abubuwa shida da likita Sidney Katz ya tsara a 1963, waɗanda har yau ma'aikatan lafiya ke aiki da su: wanka, sa kaya, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunta. A ƙasansu na ƙara takwas na masu bincike Lawton da Brody na 1969: amfani da waya, sayayya, girki, gyaran gida, wanki, zirga-zirga a abin hawa, shan magani a kan lokaci, da riƙon kuɗi. Gaban kowanne akwai amsa uku: da kanta, da ɗan taimako, ko sai an yi mata. Kada ka cika wannan da tambaya kawai. Tsoho ba ya son zama nauyi, komai ka tambaya zai ce lafiya lau. Sati guda na yi ina kallo, a nan na lura ta daina wanka kullum ne saboda tsoron santsin banɗaki, alhali mu mun ɗauka kasala ce.

Na haɗa da awo uku da ake iya yi a gida, wani na tsaye kusa da ita. Tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba, wanda tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a gama cikin daƙiƙa 14. Na biyu, tashi, tafiyar mita 3, a juyo a dawo a zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa. Sai nauyi: raguwar fiye da kilo 3 cikin wata uku ba tare da niyya ba abin kai wa likita ne. Duka suka shiga shafi ɗaya tare da cututtukanta da magungunanta. Na yi kwafi goma.

Da wannan takarda magana ta canza. Ƙofar da ta fi amfani ita ce ta asibiti kafin sallama, domin da zarar an fita, dawowa neman takardar tura ka wani sashe wahala ce. Ka nemi ganin jami'in jin daɗin jama'a da likitan gashin ƙashi tun majinyaci na kan gado. Likitan gashin ne ya auna mata sanda, hannun sandar ya yi daidai da wuyan hannunta idan ta tsaya ta saki hannu, ya kuma nuna mana ana riƙe ta a ɓangaren da ke da lafiya. Wadda muka riga muka saya ta yi tsawo, tana ɗage mata kafaɗa.

Masanin magunguna kuwa mutane na raina shi. Na zuba duk abin da take sha a jaka guda, har na gargajiya da wanda aka saya ba takardar likita, na ajiye masa a kan tebur. Ya jera kwalayen, ya ware biyu: magani ɗaya ne da sunan kamfanoni biyu, likitoci biyu suka rubuta, tana shan ninki. Ashe jirin da take yi da safe ke nan. Duk tsohon da ke shan magani biyar ko fiye ya kamata a yi masa wannan dubawa.

Sauran wuraren na bi su ɗaya bayan ɗaya: cibiyar lafiya mafi kusa don jin ko suna da ma'aikatan ziyarar gida, ofishin jin daɗin jama'a, ofishin fansho da na inshorar lafiya, ƙungiyoyin masu fama da cuta irin tata, da wuraren ibada. Ƙungiyoyin nan ne suka san inda ake ba da aron keken guragu da kujerar bayan gida, bayanin da ban taɓa samu a rubuce ba. A kowane wuri tambayoyina ba sa canzawa: wa ya cancanta, waɗanne takardu, jira na tsawon wane lokaci, wa ke biya, sannan wadda ta fi duka amfani, "In ba ku ba, wa zan je wa?" Ina rubuta rana, sunan wanda muka yi magana da shi da abin da ya yi alkawari. Wani ofishi ya ɓatar da takardunmu sau biyu. Littafin nan ne ya sa ba mu koma ƙarshen layi ba. Kada ka bar ainihin takarda a hannun kowa, kwafi kawai. Ka kuma sa tsohon ya rubuta izinin a riƙa tattauna lafiyarsa da kai tun hankalinsa na daidai, domin wurare da yawa ba za su faɗa maka komai ba sai da shi.

Ɗaukar mai kula a gida ya fi komai neman natsuwa. Na nemi lambar gidaje biyu da matar da za mu ɗauka ta taɓa yi wa aiki, na kira su da kaina. Kwana ukun farko ina gida ina kallon yadda take ɗaga Mama. Wanda ya ja majinyaci ta hammata ko ta hannun da ya shanye zai iya goce masa kafaɗa, kuma ciwon na daɗewa. Idan tsoho ya kwanta ba ya iya juyawa, ana juya shi kusan duk awa biyu, ana duba dunduniya, kwankwaso da ƙasan baya. Jan da bai dusashe ba idan ka danna shi da yatsa farkon gyambon kwanciya ne. Aikin mai kular a rubuce yake, katin banki ba ya shiga hannunta, kuma nakan shigo ba sanarwa. Ba don zargi ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a shekara, kuma sau da yawa daga na kusa da su.

Abin da na makara wajen gani shi ne ƙanwata, wadda ke kwana da Mama. Wata huɗu ba ta yi barcin awa biyar a jere ba, bayanta na ciwo, ta fara mantuwa da lokacin magani. Ita ma tana buƙatar takardarta. Akwai ma'aunin Zarit mai tambayoyi 22 da ake auna nauyin da ke kan mai jinya, kuma wasu cibiyoyi na karɓar tsoho na wuni ko na 'yan kwanaki don mai kula ya huta. Sai ka tambaya da wannan sunan, hutun mai jinya. Ga 'yan uwa kuma na daina cewa "ku taimaka". Na koma cewa, "Yaya, daren Talata da Juma'a naka ne," ko "ke ce mai kai ta gashi ranar Alhamis." Da aka raba haka, babu wanda ya ƙi.

Takardar Mama muna sabunta ta duk wata uku, ko bayan kowace faɗuwa ko kwanciya asibiti. Abu ɗaya ne ba ya jiran wannan lokaci: ruɗewar da ta zo kwatsam cikin awoyi ko kwana ɗaya, tsoho ya kasa gane mutane ko ya yi ta barci. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko magani, kuma a ranar ake kai shi asibiti, da takardar da jakar magungunan a hannu.