Patron ɗin Turawa da Atamfar Inna

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kin ce in aiko miki da takardun yanka irin na nan don kayan bazara. Zan aiko, amma ki karanta wannan tukuna, kada abin da ya sami turmin da Inna ta aiko mini Paris ya sami naki. Har yau ban gaya mata ba, ke ma ki kama bakinki.

Takardar patron suke ce mata. Mu a Maradi patron shi ne maigida mai abin hannu, nan kuwa har takardar da ake shimfiɗa wa yadi sunanta ke nan. Wadda ta fi yawo ita ce ta cikin mujallar Burda ta Jamus, kuma layin da ke jikinta layin ɗinki ne, ba na almakashi ba. Babu rarar ɗinki a ciki. In kika yanka daidai kan layi, kika ci santimita ɗaya da rabi a kowane gefe, riga mai gaba da baya ta rasa santimita 6 a kewaye, kuma atamfa ba ta buɗewa balle ta yi miki uzuri. Da haka tawa ta ƙi wuce kafaɗa. Don haka ki zana da alli santimita 1.5 waje da layin ko'ina, wajen kalmasar ƙasa ki bar 4. Na Amurka irin su Simplicity da McCall's sun riga sun saka rarar a ciki, in kika sake ƙarawa sai ki ɗinka buhu.

Kada ki ɗauki lamba don ita kike sawa a kayan kanti, ki sa tef ki auna. A Burda lamba 40 ƙirji 92 ne, ƙugu 74, mazaunai 98. Lamba 44 kuma 100 da 82 da 106, kuma an zana su ga mace mai tsayin santimita 168. Yawancinmu ba mu zama cikin lamba guda. Ki zaɓa da awon ƙirji, saboda kafaɗa da ramin hannu su ne masu wuyar gyara. Daga ƙugu sai ki ja layi a hankali daga 40 ki fita zuwa 44, ki isa can kamar santimita 20 ƙasa da ƙugu. In mazaunanki sun zarce takardar, ki raba bambancin gida huɗu: in santimita 8 ne, kowane gefe na gaba da na baya ya sami 2.

Akwai abin da faɗi kaɗai ba ya gyarawa. Za ki ga siket ya shiga amma bayansa ya ɗage ya fi gaba gajarta, don mazaunai sun cinye tsayin. Ki yanka takardar baya a kwance daidai mazaunai, daga tsakiya har dab da gefe, ki buɗa santimita 2 zuwa 3 a tsakiyar, ki liƙa wata takarda a ƙasa. Gefen ya zauna yadda yake don ya haɗu da na gaba.

Kayan zafinsu kuwa, Allah ya kyauta, a gwiwa suke tsayawa, hannu babu, wuya a buɗe. Tsayi ana ƙara shi ne a layin da suka yi wa alama, a yanka a cusa takarda. In kin kai shi idon sawu ki buɗa ƙasan, ko ki sa ninki a baya, in ba haka ba hawa kabu-kabu sai ya gagare ki. Wuya ki ɗaga shi santimita 3 zuwa 5, ki sake zana ƙyallen da ke bin sa ta ciki, don tsohon ba zai ƙara dacewa ba. Hannu shi ne tarko: ba a ɗauko hannun wata takarda a liƙa wa rigar da aka zana ba hannu, sai ya yi ta ja a hammata. Ki kwafo hannun tare da raminsa daga takarda ɗaya.

Yadin nan faɗinsa 140 ko 150 ne, atamfa ba ta wuce 120, saboda haka lissafin yadin da suka rubuta ba namu ba ne. Turmi yadi 6, kusan mita biyar da rabi, ya ishi doguwar riga da ɗankwali in zanen bai da sama da ƙasa. In yana da shi, duk ɓangarorin su kalli wuri ɗaya, ko da za a yi asarar yadi. Takardar da aka rubuta wa jersey ki ajiye ta, ta yadi mai miƙewa ce. Ki wanke atamfar ki goge kafin yanka, ki gwada da akoko tukuna, allura lamba 80, shadda 90. Zafin Afrilu na Maradi da ke haura 40 ba irin na nan ba ne, ki bar sakewar santimita 6 zuwa 8 a ƙirji.

Duk wannan lissafin, telan unguwarmu kallo ɗaya yake yi miki, ya ja alli, ya yanka, kuma ta zauna. Ban san darajarsa ba sai da na tsaya gaban madubi ina neman auna bayana ni kaɗai, babu mai riƙe mini bakin tef. Maƙwabciyata ta ga riga ta biyu ta tambayi kantin da na saya, na ce ɗinkin ƴar Maradi ne, na wuni ina jin daɗi, ba wanda zan gaya wa.

Yaya ƙafar Inna? Tana iya taka keken har yanzu, ko ke kike yi mata? Ki auna mini tsohuwar rigarta mai ruwan goro, kafaɗa da ƙirji da tsayi, ba tare da ta sani ba. Sannan ki leƙa Babbar Kasuwa ki duba ko irin atamfar nan mai ganye shuɗi tana nan. Na zagaye Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan Afirka a nan Paris, ban samu ba, ga shi Inna ta fara tambayar hoto.