Yinin Da Na Yi a Cikin Mujallun Kiɗa

Talata, da dare.

Idanuna sun yi jajur, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau, don kada gobe in sake bin hanyar da ta cinye mini safiya.

Tun ƙarfe takwas nake gaban kwamfuta ina neman abin da masana suka ce kan yadda ake mayar da kiɗan da aka koya da kunne zuwa rubutu a takarda. Shi ne babi na biyu na kundina, kuma shi ya tsaya mini a wuya. Na fara da Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, kamar kullum. Sakamako ya yi ta zubowa ba iyaka, wasu kan koyar da yara kiɗa, wasu ma kan ciwon kunne. Awa biyu ina buɗewa ina rufewa, ban tsinci komai ba.

Da hantsi na haƙura na tafi ɗakin karatu. Na ce wa ma'aikaciyar, "Malama, don Allah ki taimaka mini, na rasa bakin zaren." Ta dubi abin da na rubuta a takarda, ta ce, "Kin gwada RILM?" Wallahi ban taɓa buɗe shi ba. Ta nuna mini yadda ake shiga ta rajistar makaranta, tunda sai da kuɗin rajista ake amfani da shi.

Nan na ga bambanci. RILM rumbu ne na rubuce-rubucen ilimin kiɗa zalla, masanin kiɗa Barry Brook ya kafa shi a 1966. Abin da ya fi burge ni shi ne taƙaitaccen bayanin da ake sa wa ayyukan, har da waɗanda aka rubuta da Faransanci ko Jamusanci. Cikin minti ɗaya sai ki san ko maƙala ta shafe ki ko ki wuce. Kuma a ƙarƙashin kowace akwai kalmomin da aka jera ta da su. Ashe tun safe kalmar da nake nema da ita ce ba ta masu fannin ba. Da na ari tasu, sai ƙofa ta buɗe.

Na leƙa RISM da RIPM, sunayen ma har rikita ni suke yi. Na farkon na tsofaffin rubutattun kiɗa ne, na biyun na tsofaffin jaridu da mujallun kiɗa. Ba na wannan babin ba ne, na wuce.

Bayan la'asar na koma JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, don karanta cikakkun maƙalolin. Na samu ta masanin kiɗa Charles Seeger ta 1958, inda ya raba rubutun da ke gaya wa makaɗi abin da zai kaɗa da wanda ke bayyana abin da aka riga aka kaɗa. Sai kuma mujallar Ethnomusicology ta 1964, inda aka ba masana huɗu waƙa ɗaya da aka naɗa, aka ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Na jera rubutun huɗun ina bi layi-layi, ga su ba su zo ɗaya ba. Na daɗe a kansu, domin tambayar da ta hana ni barci wata guda ke nan, ga ta an yi ta tun kafin a haife ni.

Abin da ya rage shi ne sababbin fitowa, don JSTOR ba ya ɗauke da shekarun baya-bayan nan na mujallu da yawa. Na rubuta sunayen maƙaloli bakwai, gobe da safe zan kai wa Malama ta duba ko za a iya aro su daga wani ɗakin karatun.