Johnny Marr, makaɗin jitar da bai damu da tsayawa gaba ba

A unguwar Aboabo ta Kumasi in ka ambaci Manchester, ƙwallo za a ɗauka kana nufi, nan take majalisa ta rabu biyu, 'yan United da 'yan City. Ni kuwa wani ɗan garin nake son ku sani, Johnny Marr. Shi ma ya buga ƙwallo yana yaro har City ta gwada shi, amma jita ta rinjaye shi.

Sana'ata gyaran rediyo da lasifika, a wani ɗan shago wajen Alabar. Ran Asabar kuma nakan rataya jita in bi ƙungiyarmu gidan biki, ko taron makokin maƙwabtanmu Ashanti. A shagon na fara jin Marr. Wani malamin makaranta ya kawo lasifikarsa gyara, da na gama sai ya gwada ta da wata waƙa daga wayarsa. Na ce masa, “Malam, wannan ai hailaif ne, wane Bature ne haka?” Ya ce The Smiths ake ce musu, sunan waƙar This Charming Man, ta fito tun 1983.

Ashe kunnena bai yi ƙarya ba. Marr da bakinsa ya faɗa a wata hira cewa a wannan waƙar ya fara irin gudun nan mai kama da hailaif, inda tsirkiya biyu ke hawa da sauka tare, ɗaya na bin ɗaya a kusa. Mu nan Kumasi da wannan aka raine mu. Waƙar Yaa Amponsah, wadda Kumasi Trio suka ɗauka a faifai a Landan a 1928, har yau ita ce karatun farko na duk yaron da ya riƙe jita a garin nan, kuma wanda ya taɓa ganin yatsun Agya Koo Nimo, dattijon makaɗin jitar nan, ya san yadda ake tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya maimakon a share su gaba ɗaya. Haka Marr ke yi da jitar lantarki. Sautinsa garau yake, ba ƙara, ba gurnani. A ɗakin ɗaukar sauti yakan jera jita bisa jita, a waccan waƙar ya ce sun kai wajen 15, amma mai sauraro ba ya jin cunkoso, don kowace da gurbinta.

An haife shi a 1963, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ireland. A 1982, yana ɗan shekara 18, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar wani saurayi mai suna Morrissey ya ce su haɗa ƙungiya, ita ce ta zama The Smiths. Morrissey ya riƙe baiti da rerawa, Marr ya riƙe kiɗa. Ba su bi manyan kamfanoni a Ingila ba, Rough Trade suka shiga, ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa, irin waɗanda kiɗan indie ya taso a hannunsu. Tsakanin 1984 da 1987 suka fitar da manyan kundi 4.

Sai ga shi a 1987, suna kan ganiyarsu, Marr ya ajiye ya tafi, yana da shekara 23 kacal. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, don na san ciwon. Ƙungiyar ba ta iya riƙe manaja na dindindin ba, sai ɗawainiyar ta riƙa faɗowa kan mai jita: shi ne tsara kiɗa, shi ne waya da kamfani, shi ne lallashin kowa. Duk wanda ya taɓa zama mai neman mota, mai cinikin janareta, kuma mai rabon kuɗi bayan an tashi biki da dare, ya san yadda wannan ke kashe wa mutum daɗin kiɗa. Maganar kuɗi ma ba ta bar su ba. A 1996 mai gangarsu, Mike Joyce, ya yi nasara a kotu kan Morrissey da Marr, saboda kashi 10 cikin 100 ake ba shi su kuwa 40-40. A nan ban goyi bayan Marr ba. Mai ganga ba ɗan rakiya ba ne.

Bayan nan ya shafe shekaru fiye da 20 yana kiɗa a gidan wasu. Ya yi da ƙungiyar The The, ya haɗa wata mai suna Electronic shi da mawaƙi Bernard Sumner, ya ƙetare Amurka ya shiga Modest Mouse har kundinsu na 2007 ya hau na ɗaya a can, ya dawo ya bi The Cribs, samarin da ya girme su nesa. Sai a 2013, yana gab da 50, ya fitar da kundi da sunansa shi kaɗai.

Ɗan yayata da nake koya wa jita ya tambaye ni, “Kawu, in ya iya haka, me ya sa ba ya yin doguwar bajinta shi kaɗai a tafa masa?” Na ce masa ya saurari abin da jitar ke yi a ƙarƙashin muryar mawaƙi, nan aikin yake. Na ba shi layin farko na waccan waƙa ya je ya koya. Sati ya zagayo, ya dawo yana cewa yatsunsa sun yi tsami kuma har yanzu bai kamo saurin ba.

A 2024 Marr ya tabbatar an yi masa tayin sake haɗa The Smiths, ya ce a'a. Andy Rourke, mai jitar bes ɗinsu kuma abokinsa tun makaranta, ya rasu a 2023. Ni dai ban ga yadda za a hau dandamali da tsohon sunan nan babu shi ba, komai yawan kuɗin.