Daga Kaulaha zuwa Ndar, garin da teku ke ci

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Senegal, Kaulaha ce iyakarsu. A yi Maulidi a Madina Baye, a ziyarci Shehu Ibrahim Inyass, a haɗa tsaraba, a kama hanyar filin jirgi. Ni ma niyyata ke nan, sai wani matashi ɗan Maraɗi da muka haɗa masauki ya canja mini lissafi. Ɗalibi ne a Jami'ar Gaston Berger da ke San Luwi, can arewa dab da iyakar Muritaniya, kuma karatunsa ya shafi ƙasa da ruwa. Ya ce mini, "Malam, in ba ka ga yadda teku ke cin gari ba, to da sauran kallo a ƙasar nan." Ni da na tashi inda ruwa mafi girma shi ne na madatsa, ban yi gardama ba.

Tun kafin mu bar Kaulaha ya fara ja mini hannu. A gefen gari akwai tsibi-tsibin gishiri farare, waɗanda na ɗauka kayan kasuwa ne kawai. Ashe Kogin Salum ne ya juya hali. Tun fari da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ruwan daɗin da ke gangarowa cikinsa ya ja baya, ruwan teku ya riƙa kutsowa yana hawa sama, rana tana ƙafar da shi, har ta kai ruwan wajen Kaulaha ya fi na tekun kansa gishiri. Masu haƙar gishiri sun samu, manoman da ƙasarsu ta yi fari fat sun rasa.

Muka shiga irin tsohuwar Fijo ɗin nan mai ɗaukar mutum bakwai, wadda ba ta tashi sai ta cika. Jurbel, Ciyes, sannan Tiwawan, garin Alhaji Malik Si, inda muka tsaya salla. Daga nan gonakin gyaɗa da kukoki suka riƙa raguwa, muna dosar Luga ƙasa ta koma ta gawo da aduwa da rairayi, har abokin tafiyata ya ce ji yake kamar ya kusa gida. Ba wata alamar teku sai da iska ta canja ƙamshi.

Mutanen garin ba sa ce masa San Luwi, Ndar suke cewa. Kashi uku ne. Akwai Sor a kan tudu, akwai tsibirin da ke tsakiyar Kogin Senegal, wanda ake shiga ta gadar ƙarfe ta Faidherbe mai tsawon sama da mita 500, wadda aka buɗe a 1897. Faransawa sun kafa garin a 1659, ya taɓa zama hedikwatar mulkinsu a Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Benaye masu baranda, karusar doki, 'yan yawon buɗe ido da kyamarori. Yana da kyau, amma ba shi ya kawo ni ba. Kashi na uku muka nufa, wanda ake tsallaka masa ta wata ƙaramar gada.

Wannan shi ne Lang de Barbari, wani siririn harshen rairayi da ya raba kogi da Tekun Atlantika. A wasu wuraren faɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, in ka tsaya a tsakiyar layi kana hango ruwa ta hagu da dama. A kansa ne unguwar masunta ta Get Ndar take, mutum sama da 20,000 a matse, da tumaki a ɗaure ƙofar kowane gida, yara ko'ina, kwale-kwale masu fenti kala-kala jere a bakin kogi da sunayen shehunai da iyaye a jikinsu. Ban taɓa ganin cunkoso mai rai irin wannan ba. Hatta maƙabartarsu da tsohuwar koma ake lulluɓe wasu kaburburan.

Sai muka ɓullo ta gefen teku, na yi shiru. Layin gidajen farko babu shi. Sauran rabin ɗaki a nan, matakalar bene a can da ba ta kai ko'ina, tayil ɗin bayan gida a buɗe yana kallon ruwa. Toroƙon da teku ya yi a 2017 da 2018 ne ya rushe gidaje da makaranta, ya raba ɗaruruwan iyalai da muhallinsu. A Fabrairun 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya zo nan ya yi alkawarin yuro miliyan 15, Bankin Duniya ma ya sa hannu, aka jibge manyan duwatsu tsawon wajen kilomita 2 a gaban unguwannin. Yanzu a kan duwatsun nan yara ke zama, igiya tana dukansu ta koma.

Na tambayi ɗan Maraɗi ko nawa ne tekun ya ƙaru har ya yi wannan ɓarna. Amsarsa ta ba ni mamaki: kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, a duniya baki ɗaya. Taƙi guda ke nan. Amma saurin yana ƙaruwa, yanzu ya haura milimita 4 a shekara. Dalili biyu ne. Zafin da hayaƙin man fetur da kwal da gas ke tarewa a sararin sama, kusan kashi 90 cikin 100 teku ne ke shanye shi, ruwa kuwa in ya yi zafi kumbura yake. Na biyu, ƙanƙarar Girinland da Antatika da ta kan manyan duwatsu tana narkewa tana kwarara. A gaɓa mai dutse taƙi guda ba kome ba ne. A kan rairayin da ke kwance kusan daidai da ruwa kuwa, ranar da cikar teku ta haɗu da iska mai ƙarfi, igiyar da a da take mutuwa a kan yashi yanzu a tsakar gida take mutuwa.

Sai dai duk wanda ya ɗora wa ɗumamar yanayi laifin Ndar ita kaɗai bai faɗi gaskiya duka ba, kuma mutanen garin ba za su bar shi ya gama magana ba. A Oktoban 2003 kogi ya cika yana neman shanye gari, hukuma ta sa aka yanka harshen rairayin a kudu da gari domin ruwa ya samu gajeriyar hanya zuwa teku. Faɗin yankan mita 4 ne. Gari ya tsira daga ambaliya, amma teku ya samu ƙofa. Cikin 'yan kwanaki yankan ya zama ɗaruruwan mitoci, yau ana maganar kilomitoci. Ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse, mutanensa suka watse. Mun hau kwale-kwale daga yankin Ganjol, mai tuƙin ya kashe inji a wani wuri ya nuna ruwa da haɓarsa, wai nan ne gari. Rijiyoyin Ganjol, inda ake noman albasa, da yawa sun yi gishiri. Kuma bakin yankan, da yake ya zama hanyar fita su, ya kifar da kwale-kwale ya ci ɗaruruwan masunta. A ganina abin da ɗumama ke yi shi ne ta samu kuskuren ɗan Adam ta ninka shi, ta hana shi gyaruwa.

Ta bayan gari ma ba a tsira ba. Iska mai zafi ta fi riƙe laima, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri guda, shi ya sa ruwan sama ke zuwa a dunƙule. A daminar 2024, wadda Maiduguri ba za ta manta da ita ba, Kogin Senegal ya yi cikar da aka daɗe ba a gani ba, ya mamaye garuruwa a Bakel da Matam da Podor.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai ba rusassun gidajen ba ne. Kifi ne. A wajen da mata ke dafa kifi da gishiri suna shanyawa, rabin teburan shanya babu kome a kansu. Kifin talaka a Senegal shi ne yaboy, wani ɗan kifi dangin sadin, wanda ake ci ɗanye, a yi bandarsa, a kai har Mali da Burkina Faso. Rayuwarsa ta rataya ne a kan wata hikimar Ubangiji: a watannin sanyi iskar arewa tana ture ruwan saman teku daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da abinci ya taso ya maye gurbinsa, ƙananan halittu su yi yawa, yaboy ya biyo su. Da ruwan ya ƙara ɗumi, masu bincike sun ga garken kifin yana matsawa arewa, wajen Muritaniya da Maroko. Kifi ba ya neman biza, masunci kuwa sai da lasisi, kuma rikicin lasisi da masu gadin tekun Muritaniya ya sha jawo asarar kaya, har da rai.

A nan ma ba zafi kaɗai ba ne. Manyan jiragen su na ƙasashen waje suna kwasa, masana'antun garin kifi a Nuwadibu suna niƙa yaboy, kilo 4 zuwa 5 kafin a samu kilo guda na gari, a fitar da shi a ciyar da kifin gona da dabbobi a Asiya da Turai. Da dare kuma in ka kalli teku za ka hango fitilun aikin gas na kamfanonin BP da Kosmos, kusa da wani wurin kamun kifi mai suna Jatara da masunta suka ce an hana su kusanta. Muka ci cebu jen, shinkafa da kifin nan da aka ce a garin nan aka ƙirƙiro ta, mai abincin tana ba mu haƙuri wai kifin cof da ya kamata a sa ya fi ƙarfin tukunyarta.

Kwale-kwalen da ba ya kawo kifi, wani aikin ake sama masa. A 2024 mutum sama da 46,000 suka isa Tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku daga gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda suka salwanta a hanya kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Matasan nan suna da kirarin da suke yi, ko Basalona ko barzahu. Duk gidan da muka sha shayi sai an ambaci wani da ya tafi.

Djuj, mafakar tsuntsaye da ke wajen kilomita 60 daga gari, mun leƙa ta a gurguje. Kwasakwasa dubbai a tsibiri guda, ga tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai suna sauka shan ruwansu na farko. Abin da na gane nan take shi ne kacala, wadda ta toshe magudanai tun bayan gina madatsar Jama a 1986, irin dai wadda ta addabi mutanen Haɗeja da Nguru.

Waɗanda teku ya kora an fara ajiye su a tantuna a Har Yalla, daga baya aka mai da su Jugop, wajen kilomita 10 daga gaɓa, inda ake gina musu gidaje. Ginin ba laifi, fili wadatacce, amma ba kogi ba teku. Matar da sana'arta sarrafa kifi sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, mai fita su da asuba kuwa wace mota zai samu? Shirin hukuma shi ne a kwashe duk gidan da ke cikin mita 20 daga bakin ruwa. Wani dattijo a Get Ndar, wanda gidansa ke cikin lissafin, yana ɗinkin koma ɗan Maraɗi ya tambaye shi ko zai tashi. Bai ɗago kai ba. Ya ce zai karɓi makulli ya kai mata da jikoki, shi kuwa tabarmarsa tana nan kusa da injinsa, don a Jugop ba wanda zai tashe shi ya ce masa kifi ya shigo.