Heliyam ya faɗa ƙasa da gaskiya, ni kuma na yi murna

Wallahi daren Laraba saura kaɗan in jefa laftof ɗin nan cikin Matan Fada. Mako uku ina fama da lissafin mafi ƙarancin kuzarin atom ɗin heliyam mai ilektron biyu, ta hanyar harhaɗa gausiyan (lanƙwasoshin lissafi masu siffar ƙararrawa) masu ɗauke da tazarar da ke tsakanin ilektron biyun. Tuni na bar -2.8617 na Hartree-Fock (hanyar da ke ɗaukar matsakaicin tasirin kowane ilektron a kan ɗayan kawai) a baya, da gausiyan guda 40 na kai -2.9031, duk a ma'aunin kuzari na hartree. Na ƙara zuwa 120, sai allo ya nuno -2.97. Har na ƙwala wa ƙanina kira ya zo ya gani. Yana tsaye a kaina na tuna cewa amsar gaskiya -2.903724 ce, kuma a ƙa'ida hanyar da nake bi ba ta taɓa sauka ƙasa da ita. Shara na samu, nake ta tsalle.

Kwana biyu ina zargin lissafin intigiral ɗina, na sake fitar da shi a takarda har sau uku. Lafiyarsa ƙalau. Ashe matsalar daga matiriks S ce, wato teburin da ke nuna yadda kowane gausiyan ya yi kama da ɗan'uwansa. Da na duba ƙaramar ƙimarta, sai ga 10^-17, kusan sifili. Zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi da nake yi ya tara mini gausiyan tagwaye, kamar an tsaga kara, kwamfuta kuma lambobi kusan 16 kawai take riƙewa, ba ta iya bambanta su. Da ta zo warware Hc = ESc, lissafin da ke fitar da kuzarin E, sai ta raba kuskure da abin da bai wuce sifili ba.

Na fara gwada mpmath, manhajar da ke iya riƙe lambobi masu yawa, da lambobi 50. Ya gyaru, amma tafiyar hawainiya, ga ba wuta. Fetur na naira 6,000 janareta ya sha a dare ɗaya, har yanzu abin na ci mini rai. Maganin kuwa layi huɗu ne: duk sabon gausiyan da kamanninsa da wani tsoho ya haura 0.99, a kore shi tun a ƙofa. Yanzu da guda 100 ina kan -2.90371.

Abin da ya rage mini girman kai, masanin fiziks Hylleraas a 1929 da sharuɗɗa shida kacal ya kai -2.9032, ba kwamfuta. Shi ya saka tazarar ilektron biyun kai tsaye a lissafinsa, gausiyan kuwa santsi gare shi, ba ya iya yin tsinin da masanin lissafi Kato ya bayyana inda ilektron biyu suka haɗu.

Yau da dare zan mayar da Z (yawan furoton a cibiyar atom) daga 2 zuwa 1 in nemo -0.52775 na H⁻, wato haidirojin mai ilektron biyu, inda Hartree-Fock ya kasa riƙe ilektron na biyu. Wanda ya taɓa yi, 0.99 ta ishe ka a can, ko sai ka sassauta?